Ƙarar Mashin Ɗin Yaya

"In dai ina numfashi, yaron nan ba zai sake taka ƙofar gidan nan ba."

Mama ce ta faɗi haka, ko ɗago kai ba ta yi ba daga shinkafar da take tsinta. Ba ta yi tsawa ba. Da ma tsawar ta yi da na san yadda zan yi da ita, don ni ma ba baya ba ce wurin ɗaga murya. Ba banza Yaya ya laƙaba mini Barkono ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta gyara zama ta ce, "To kin dai ji da kunnenki. Ga mai kemis nan, mutum kamili, ya aiko ya sake aikowa. Ke ba yarinya ba ce, aji guda kike koyarwa. Sai yaushe za ki yi hankali?"

Na ce, "Gwaggo, ni ban ce mai kemis yana da aibu ba."

"To mene ne?"

"Ba na son sa ne kawai."

"Ji wata magana! Wanda kike so ɗin, uwarki ko inuwarsa ba ta son gani. Haka za ki zauna har furfura ta fito miki?"

Na juya wajen Mama. "Mama, me ya yi miki? Ba shi ya kashe Yaya ba. Kin sani, na sani, duk unguwar nan an sani."

Hannunta ya tsaya cak a cikin farantin.

"Na ce shi ya kashe shi?" Ta miƙe da farantinta ta shige kicin, ta ja ƙofa.

Na san abin da ya yi mata, don ina tsaye a wurin ranar da abin ya faru.

Mu biyu Mama ta haifa, Yaya da ni. Mahaifinmu ya rasu tun ina goye, Yaya ne ya zame mini uba, ya zame mini abokin faɗa. Gyaran firij yake yi, shi da amininsa suka haɗa shago. Aminin nasa shi ake kira Sanyi, Yaya ne ya sa masa, wai ko gobara ta tashi a aljihunsa sai ya gama shan shayinsa kafin ya duba. Yaya ne kuma ya fara tsokanarmu, yana cewa barkono irin nawa sai an haɗa shi da sanyi in ana son a zauna lafiya. Wasa-wasa maganar ta zama gaske. Mama ma tana so a lokacin, har cewa take yi ɗa ta ƙara samu.

Yaya yana da wani tsohon mashin mai fasasshiyar salansa. Ƙararsa daban take da ta kowane mashin. Idan ya karyo kwanar layinmu sai ya ja mai sau biyu, in ya kashe kuma mashin ɗin sai ya yi wani tari kamar tsoho mai mura. Ko ina Mama take, da ta ji wannan ƙara za ta ce, "Ga yayanki nan, ɗauko masa ruwa."

Bara, wata rana da hantsi, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shago. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Sanyi bai yarda a yi wa Mama waya ba. Ya ce irin wannan labari ba a wayar tarho ake faɗa wa uwa ba. Ya koma shago a ruɗe, ya tarar da makulli a jikin mashin ɗin Yaya, ya haye don ya riga kowa isowa gida.

Muna tsakar gida muka ji ƙarar ta karyo kwana.

Mama ta yi dariya ta ce, "Yau kuma me ya dawo da shi da wuri? Ko ya manta wayarsa ne, sarkin mantuwa?" Ba ta ma aike ni ba. Da kanta ta tashi tana goge hannu da gefen zani, ta buɗe ƙofa da dariyarta a baki.

Sanyi ta gani a kan mashin ɗin, rigarsa jiƙe da hawaye.

Tun daga ranar ban sake jin dariyar Mama ba. An shigo da mashin ɗin lungun tsakar gida an rufe shi da tamfol, makullin yana rataye a ƙusa. Ɗakin Yaya ta sa masa kwaɗo. Idan na fara, "Mama, kin tuna lokacin da Yaya..." sai ta tuna da wani aiki a kicin. Sanyi kuwa, sau ɗaya ya zo gaishe ta bayan an share makoki, ta shige ɗaki ta bar shi durƙushe a tsakar gida har ƙafarsa ta yi tsami.

* * *

Washegari da aka tashi yara daga makaranta ban nufi gida ba, shagon na wuce.

Yana durƙushe bayan wani firij, sai ƙafafunsa ake gani. Shagon yana nan yadda na san shi, ƙaurin walda da warin mai, tukwanen gas jere a jikin bango, tsofaffin ƙofofin firij a jingine. Ɗan bencin Yaya yana kusurwarsa. Silifas ɗinsa na aiki, wanda ya ɗaure da waya, yana ƙarƙashin bencin a jere kamar yanzu zai dawo ya zura ƙafa.

Na yi sallama. Sanyi ya leƙo, da ya ga ni ce sai ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Malama, lafiya na ga idonki ya kumbura?"

"Ranar Lahadi iyayen mai kemis za su zo gida. Kawu, waliyyina, ya ce su zo a yi magana, amma ya ce ba zai ba da ni ba sai da yardata da ta Mama."

Ya ninke tsumman, ya warware, ya sake ninkewa.

"Mutumin kirki ne," ya ce a hankali. "Ina sayen magani a wurinsa."

Wallahi ji na yi kamar in ɗauki sukundireba in jefe shi.

"Abin da za ka ce ke nan? Na zo maka da wuta a ƙirjina, kana ba ni labarin inda kake sayen magani?"

"To me kike so in ce, Barkono?"

"Ka ce ba ka yarda ba! Ka je wurin Kawu, ka je wurin Mama, ka yi magana kamar mai jini a jiki!"

"In je in sake tsayawa a ƙofar nan?" Muryarsa ta karye. "Ke kin ga fuskarta ta baya ne. Ni na gan ta ta gaba. Na ga dariyar nan tana mutuwa a fuskarta, kuma ni na jawo. Har yau in na rufe ido ita nake gani. Da a ƙasa na tako, da mota na shiga, da ta ga baƙin labari tun daga nesa ta shirya masa. Amma sai na zo mata da ƙarar ɗanta. Na ce mata yana raye, sannan na ce mata ya mutu."

"Ba da gangan ka yi ba."

"Na sani. Ita ma ta sani. Sanin bai rage mata komai ba."

Na zauna a kan bencin Yaya, hawaye ya ɓalle mini. Ban share ba.

"Ka san me ya fi ci mini rai? A gidanmu Yaya ya mutu sau biyu. Ba a ambatonsa, ba a dariyar abin da ya yi, hotonsa ma an kife. Gwaggo in za ta yi maganarsa sai ta ce 'wancan rashin da aka yi'. Kai kaɗai ne in na ce maka sarkin mantuwa za ka yi dariya. In na auri wanda bai san shi ba, wa zan ba labarin ranar da ya kai wa mutane firij ya manta ya bar takalminsa a ciki?"

Sanyi ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi. Ta fito tare da hawaye.

"Matar ta dawo da shi da kanta," ya ce. "Ta ce ita ba ta yi odar takalmi mai sanyi ba."

Muka yi dariya muna kuka, har wani mai wucewa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da muka nutsu ya ce, "Ina son ki, kin sani. Tun kina zuwa kawo saƙo kina harararmu nake son ki. Amma ke kaɗai kika rage mata. Ba zan zama mutumin da ya zo ƙofarta sau biyu ya tafi da abin da take so ba. In ba da yardarta ba, na haƙura."

Na miƙe na saɓa jakata.

"Kai ka haƙura. Ni ban haƙura ba."

Ina fita idona ya sauka a kan kanta. Can sama, bayan gwangwanayen kusoshi, na hango wata kula mai ruwan toka da murfinta ya ɗan lotse. Kular abincin Yaya ce, wadda Mama take cika masa kullum da safe.

"Me wannan take yi a nan har yanzu?"

Ya sunkuyar da kai. "Na wanke ta tun ranar. Na rasa ƙafar da zan mayar da ita."

* * *

Ranar Alhamis da yamma mai kemis ya zo. Gaskiya ɗaya ce, ba shi da makusa. Ga tsafta, ga ladabi, in yana magana kamar yana karanta takardar magani, komai da ƙa'idarsa. Ya kawo wa Mama maganin ciwon gwiwa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

Gwaggo tana ta washe baki. Can ta nuna lungun da mashin yake ta ce, "Ɗan nan, ka san mutane. Ka samo mana mai sayen wancan abin mana. Kullum yana gabanta, yaushe zuciya za ta huta?"

Na ce, "Gwaggo!"

Mai kemis ya dube ni da tausayi na gaske. "Ki yi haƙuri, amma Gwaggo tana da gaskiya. Kayan marigayi in suna gaban mutum, ciwon ba ya warkewa. Gara a rabu da su a fuskanci gaba."

Marigayi. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganin Yaya yana rawa da tukunyar gas a kafaɗa ba. Amma kalmar ta tsaya mini a wuya.

Na zuba wa Mama ido, ina jira ta ce a'a. Ta daɗe tana kallon tamfol ɗin.

"A sayar," ta ce.

Na shige ɗaki na kifa kaina a filo. Ranar ko abinci ban ci ba, kuma babu wanda ya zo lallashina.

* * *

Ranar Asabar da hantsi mai sayen ya zo, wani gajeren mutum mai yawan surutu, da fetur ɗinsa a gora. Mai kemis yana shago, don haka Gwaggo ce ta tsaya a kan cinikin. Mama tana kicin tana wanke-wanke, ta ja ƙofa. Ni kuwa na tsaya a bakin ɗaki na harɗe hannu, ina yi wa mutumin kallon da ya sa ya daina yi mini murmushi.

Ya yaye tamfol, ƙura ta tashi. Ya tura mashin ɗin tsakiyar gida, ya ciro fulogi ya goge, ya zuba mai.

"Sai na ji kukansa kafin mu yi magana, Hajiya," ya ce wa Gwaggo.

Ya taka, shiru. Ya sake takawa, shiru. A raina ina cewa Allah ya sa ya ƙi tashi har abada. Ya share gumi, ya yi bisimilla, ya taka da ƙarfinsa duka.

Mashin ɗin ya yi tari, ya kama.

Ƙarar ta cika gidan. Ita ce dai, ba ta canja ba ko kaɗan, da fasasshiyar salansarta da komai. Mutumin ya ja mai, ya sake ja.

A kicin wani abu ya faɗi ya fashe.

Ƙofa ta buɗe. Mama ta fito, hannunta duk kumfa, ɗankwalinta ya zame. Gwaggo ta daka wa mutumin tsawa, "Kashe! Kashe mana, ba ka gani ne?"

Ya kai hannu ga makulli.

"Kar ka kashe."

Mama ce. Ta tako a hankali har gaban mashin ɗin, ta ɗora jiƙaƙƙen hannunta a kan kujerar, daidai inda Yaya ya manne yagewar da baƙin salatif. Ta rufe ido. Mashin yana karkarwa, hannunta yana karkarwa tare da shi, hawaye yana bin kuncinta. Ba wanda ya motsa a cikinmu.

Ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe ido ta murɗa makullin da kanta. Mashin ɗin ya yi tarinsa na tsoho mai mura, ya yi shiru.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri, mun wahalar da kai," ta ce. "Ba na sayarwa ba ne."

Gwaggo ta buɗe baki, Mama ta ɗaga mata hannu. Mutumin ya ɗauki gorarsa ya fita yana ƙunƙuni a kan fetur ɗinsa.

Mama ta zauna a ƙasa, nan kusa da tayar. Na zo na durƙusa a gabanta, sai ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Muryarsa tana ɓace mini," ta ce. "Kin ji? Ina kwanciya in yi ta nema, yadda yake cewa 'Mama, na dawo', sai in ji ta dushe. Na zaci in na rufe komai zan adana shi. Ashe a rufen yake lalacewa."

"Mama..."

"Amma wannan ƙarar, da na ji ta, sai ga shi gaba ɗaya. Har ƙaurin rigarsa na ji." Ta share fuska da bayan hannu. "Shekara guda ina jin haushin yaron nan saboda dariyar da na yi a bakin ƙofa. Ina cewa ya yaudare ni. Yanzu da na sake ji, sai na tuna dariyar kanta. Ita ce ta ƙarshe da na yi ɗana yana raye a wurina."

Na kifa kaina a cinyarta na saki kuka mai sauti, irin wanda ban samu na yi a gabanta ba tun ranar. Ta bar ni na yi, tana shafa bayana.

Can ta ce, "Akwai abin da nake son sani. Tun ranar yake cina, na rasa wanda zan tambaya."

"Mene ne, Mama?"

"Ba ke za ki amsa ba. Kira mini shi."

Gwaggo ta zabura. "Wa za a kira? Gobe fa mutane za su zo!"

"Na san gobe Lahadi," in ji Mama. "Kira shi."

Na danna wayar. Da ya ɗauka ban ko gaishe shi ba.

"Mama tana kiranka. Yanzu. Kuma ka taho da kular nan."

* * *

A ƙasa ya zo. Ya yi sallama a bakin ƙofa da wata murya da ban san shi da ita ba, ya tsaya, sai da Mama ta ce ya shigo sau biyu. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ajiye kular a gabanta da hannu biyu. Bai yarda ya ɗago ido ba.

Mama ta ɗauki kular, ta shafa lotsewar murfin da babban yatsa. Ta buɗe ta leƙa ciki.

"Ranar nan," ta ce, "na zuba masa abinci ya fita da shi. Ya ci kafin abin ya faru, ko da yunwa ɗana ya tafi?"

Ashe abin da ke cinta ke nan. Shekara guda.

Sanyi ya ce, "Ya ci, Mama. Muna buɗe shago ya ce shi ba zai jira rana ba, ƙamshin ya hana shi aiki. Ya ci ya ƙoshi. Har ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, amma kada in kuskura in faɗa miki."

Wani sauti ya fito daga bakin Mama, tsakanin kuka da wani abu daban.

"Ya ce gishiri ya yi yawa?"

"Ya faɗa, Mama. Amma sai da ya kankare ƙasan kular."

"Ja'iri," ta ce. "Kullum sai ya ce gishiri ya yi yawa."

Sanyi ya ƙara sunkuyar da kai. "Mama, akwai kuma abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ba shi kaɗai yake ci ba. Tun da muka buɗe shagon nan, rabin abincin ni nake cinyewa."

Mama ta dube shi sosai, karo na farko tun ranar da ta buɗe masa ƙofa.

"Kai a tunaninka ban sani ba? Mutum ɗaya ne zai cinye wannan kular? Don wa kake zaton nake danna ta har murfi yana ƙin rufuwa?"

Sai ga Sanyi, mutumin da ko gobara ba ta tayar masa da hankali, ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ki yafe mini, Mama. Ban yi tunani ba. Makullin na gani kawai, na ce kada wani ya riga ni, kada ki ji a bakin da bai san shi ba. Wallahi ban tuna da ƙarar ba sai da na ga fuskarki."

"Tashi," ta ce. "Tashi, ɗana. Ni ma na bar ka da naka ciwon kai kaɗai, alhali tare aka yi mana rashin."

Ta sa shi ya zauna a tabarma. Ta ce ya ba ta labarin shago, duk abin da ya tuna. Ya fara da in'ina, ina cusa baki ina gyara masa. Da muka zo kan takalmin da aka manta a firij, Mama ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi. Ta yi tsatsa, tana fita da ƙyar, amma dariya ce. Gwaggo ma da ta sha kunu a gefe sai da ta juya fuska bango.

Da zai tafi, Mama ta shiga kicin da kular. Ta fito da ita a cike, murfin yana ƙin rufuwa. Ta miƙa masa, sannan ta zare makullin mashin ta ɗora a kai.

"Zama yana lalata shi. Ka tafi da shi."

"Mama, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Gobe ka dawo mini da kulata, ba na son a sake riƙe mini ita shekara guda."

Gwaggo ta kasa haƙuri. "Gobe? Gobe da iyayen mai kemis za su zo? Me za a ce musu? Ni na kai maganar nan, da wane ido zan kalle su?"

Mama ta tattara fasassun tangaran ɗin da ke bakin kicin ta shige. Sanyi ya tura mashin ɗin har waje, ina ji bai tayar da shi ba sai da ya fita daga layin.

Ni dai ban san matsayina ba. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Na tambaye ta da yamma, ta ce in je in cire kwaɗon ɗakin yayana in share, ƙura ta yi yawa.

* * *

Ranar Lahadi bayan la'asar motar baƙi ta tsaya a ƙofar gida. Dattawa biyu da wata mata mai fara'a. Kawu ya karɓe su a falo, Gwaggo tana ta kai da kawo da kofuna, tana aika mini harara duk lokacin da ta wuce ƙofar ɗakina. Ina zaune a bakin gado, na cukuikuye gefen mayafina har ya yi laushi. Ta labule ina hango Mama a kujerarta, ta sa hannu a cinya, fuskarta ba ta nuna komai.

Aka gama gaishe-gaishe. Babban cikinsu ya yi gyaran murya ya faɗi abin da ya kawo su, cikin mutunci da daɗin baki.

Kawu ya ce, "To, madalla. Ni dai riƙo nake yi. Ga uwar yarinya nan, ita za ta fara magana."

Kowa ya juya wajen Mama.

Mama ta buɗe baki ke nan, sai ga ƙarar ta karyo kwanar layi. Fasasshiyar salansa, tana tahowa a hankali kamar mai jin kunya. Ta zo daidai ƙofarmu, ta yi tari, ta yi shiru.

Gwaggo ta yi wuf za ta tashi. "Bari in ce masa ya dawo anjima."

"Zauna," in ji Mama.

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta. Ta dubi baƙin da ladabi ta ce, "Ku gafarce ni. Kun zo da alheri, kuma ɗanku ba shi da aibu, Allah ya ba shi wadda ta fi tawa. Amma kujerar da kuke nema da mai ita, kunya ce ta hana shi zama."

Ta leƙo ta labule, idonta cikin nawa.

"Ke Barkono, me kike jira? Ɗauko masa ruwa."

Sannan ta taka tsakar gida, tana goge hannu da gefen zani, ta je ta buɗe ƙofar da kanta.